Ƴar gudumar da ke cikin adakar kaka: ta mece ce, kuma daga ina ta zo?



A wasu tsofaffin gidaje na ƙasar nan, idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, aka buɗe adaka ko aka sauke jeren tasoshi, akan ci karo da wata ƴar guduma. Tsawonta bai wuce taƙi guda ba, ko ya ɗara kaɗan. Kanta na tagulla ne ko jan ƙarfe. Gefe guda yana da faɗi kamar bakin ƙaramar taɓarya, ɗaya gefen kuma kamar bakin gatari, amma ba shi da kaifin yanka. Jikinta duk zane ne, ɗigo-ɗigo da layuka da ƴan kusurwoyi, kuma sau da yawa akwai huda ko zobe a ƙarshen ƙotar. Magada su juya ta, su auna nauyinta a hannu, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Daga ƙarshe a miƙa wa yara su yi wasa, ko a jefa ta cikin buhun tsohon ƙarfe.

Abubuwa huɗu aka fi cewa game da ita: ta maƙeri ce, ta wanzami ce, ta fasa gishiri da kanwa ce, ko kuwa kayan tsafi ne. To mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don kayan aiki ba ya ɓoye aikinsa ga wanda ya dube shi da kyau.

Ta maƙeri? A'a. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe taushi. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san guduma dole ta fi abin da take duka ƙarfi, in ba haka ba bakinta zai baje tun ranar farko. Ko maƙeran fari masu yin zobe da munduwa, da gudumar baƙin ƙarfe suke aiki. Sannan ku dubi bakin wannan: babu ƙuna, babu toka, babu lotsewa.

Ta wanzami? Kayan zabira sirara ne masu kaifi, aska da ƴar tsaga da ƙaho. Wanzami ba ya buƙatar nauyi, kaifi yake nema, ita kuwa wannan nauyinta duk a ka yake.

Ta gishiri? Nan an kusa, amma ba a kai ba. Kantun gishirin Bilma yakan kai kilo 20 ko fiye, kuma da gatari ko taɓarya ake fasa shi. Wa zai zauna da ƴar guduma mai taƙi guda yana ƙwanƙwasar kantu? Ban da haka, gishiri da kanwa suna cin tagulla, su bar mata koren tsatsa da ƴan ramuka. Gudumar da ta yi shekaru tana dukan kanwa ba za ta iso hannunmu da zanenta sumul ba.

Maganar tsafi kuwa, al'adarmu ce duk abin da ba mu gane ba mu liƙa masa wannan suna. Zanen da ke jikinta ado ne irin wanda ake gani a sirdin raƙumi da ƙotar takobi da makullan Abzinawa.

Amsar ita ce: gudumar sukari ce. Da ita ake fasa kantun sukari lokacin dafa shayi. Da Tamajak guduma ita ce afadis, ƙaramar kuma tafadist, kuma maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, sun daɗe suna ƙera ta.

Matasa za su ce, sukari kuma har da guduma? Ai dole su tambaya, tunda sun buɗe ido sun tarar da sukari gari ne a leda, ko ƙwaya a kwali. Amma ɗaruruwan shekaru, a duniya baki ɗaya, sukari a dunƙule yake zuwa. Idan an dafa ruwan rake ya yi kauri, sai a zuba shi cikin mazubin yumɓu mai siffar mazurari, mai ƴar huda a tsininsa. Baƙin ruwan ya riƙa ɗiga ta ƙasa kwana da kwanaki, farin ya daskare a ciki. In an kife mazubin sai ga dunƙule mai faɗin gindi da tsinin kai, mai tauri kamar dutse, a naɗe shi da takarda, yawanci shuɗiya. Da ya iso ƙasar Hausa ba a sha wahalar raɗa masa suna ba. Mun riga mun san kantun gishiri, wanda shi ma a mazubi ake yin sa kuma siffarsu ɗaya, sai aka ce kantun sukari.

Kalmar kanta tana nuna hanyar da ya biyo. Sukari daga Larabci ne, sukkar, Larabawa sun aro daga Farisa, Farisa daga Indiya. Shayi ma daga Larabci muka same shi, asalinsa kuma daga Sin. Da a ce ta teku da bakin Nasara suka fara zo mana, da wasu sunaye muke kiran su.

Akwai shaida a rubuce. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851 bayan ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus ta Gat da Abzin da Damargu. Daga baya ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Mutum ne mai son lissafi, ya zauna ya ƙididdige kayan da ke shiga kasuwar Kano daga arewa. A ƙiyasinsa, sukari yakan kai kayan raƙumi 100 a shekara, kowane raƙumi ɗauke da ƙananan kantu 80, kowane kantu nauyinsa kilo ɗaya da ɗan ɗori, ana sayar da shi wuri 1,500.

Don mu gane wuri 1,500, shi dai Barth ɗin ya ce iyali guda a Kano za su iya rayuwa cikin rufin asiri da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, har da tufafinsu. Ku raba da kwanakin shekara, zai ba ku wajen wuri 150 a rana. Ke nan kantun sukari ɗaya daidai yake da cefanen gida na kwana goma. Kun ga abin da ke da wannan tsada ba a buga shi da dutse ya tarwatse cikin ƙasa. Ana buɗe takardar a hankali, a riƙe kantun a tafin hannu ko bisa ƙyalle mai tsabta, a ba shi ɗan bugu da gefen nan mai kama da gatari, gutsure ya fita daidai buƙata. Gefen mai faɗi kuma na farfasa gutsuren ne. Ɓarɓashin da ya zuba a ƙyalle ma ba a zubar da shi. Dalilin adon da ke jikinta ke nan: kayan fita kunya ne, a gaban baƙo ake fito da ita.

Kada a ɗauka kafin wannan ba mu san zaƙi ba. Muna da zuma, da dabino, da rake da takanɗa, da garin ɗorawa, da maɗin ɗinya, daga baya ga mazarƙwaila da ke zuwa daga ƙasar Zazzau. Har gobe fadamun Magarya da Matamai rake suke fitarwa. Abin da babu shi ne farin sukari tatacce, kuma a zamanin Barth na sarakuna ne da attajirai da baƙin Larabawa, ana kai shi gaisuwa fada kamar yadda ake kai turare ko alkyabba.

Abin da ya fitar da kantun sukari daga fada ya kai shi bukkar makiyayi shi ne shayi. Koren shayin Sin ya daɗe da shiga Maroko, amma a gidajen manya ya tsaya. Marubuta tarihin shayi suna cewa a lokacin yaƙin Kirimiya, 1853 zuwa 1856, ƴan kasuwar Ingila sun rasa hanyar kai shayinsu kasuwannin da ke wajen Rasha, sai suka karkato da shi tashoshin ruwan Maroko, Tanja da Mogador. Ya yi araha, talaka ya ɗanɗana. Daga nan ya bi ayari ya ratsa hamada, ta Muritaniya da Tumbutu a yamma, ta Tarabulus da Gadamas a gabas. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ya zama abin sha na Abzinawa, har yau mutum zai rantse da shi aka halicce su.

Shayin hamada kuwa ba a sa masa sukari a kofi. Cikin buta ake jefa gutsure, a juye a mayar, a juye a mayar har kumfa ta tashi, kuma sau uku ake dafawa, kowane zagaye da nasa gutsuren. Ga mai tafiyar wata biyu bisa raƙumi, kantu ya fi gari ta kowace fuska. Ba ya zubewa in jaka ta huje, rairayi ba ya shiga cikinsa, kuma ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya kamar kuɗi. Shi ya sa kayan shayin matafiyi suka zama cikakken saiti: buta, ƴan kofunan kwalba a cikin akwatinsu, jakar fata ta ganye, jakar sukari, sai guduma da aka ɗaure da igiyar fata ta wannan hudar da ke ƙotarta. Wanda ba shi da guduma, da gindin kofin kwalba yake bugun kantun, kuma ba kofi ɗaya ba ne ya mutu a wannan aiki.

To yaya aka yi kayan hamada ya sauka adakar kakanninmu, mu da muke bakin iyakar Najeriya? Hanyoyi uku ne.

Ta farko ita ce fatauci. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta zama babbar tashar ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Kano. Unguwar Zango a wajen ganuwar Birni masaukin fatake ce, Abzinawa da Larabawa, kuma nan attajirin nan Malam Yaro ya yi zamaninsa. Kayan da aka sauke a Zango, in za su Daura ko Kano, ta ƙasashen kudancin Damagaram suke bi, wato ta ƙofar gidanmu. Duk inda ayari ya kwana akwai mai masauki, akwai dillali, akwai mai sayar da hatsi da harawa, kuma tsakanin baƙo da mai masaukinsa kyauta ba ta yankewa.

Ta biyu ita ce ayarin gishiri. Kowace shekara bayan kaka, mutanen Abzin sukan ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi su gangaro kudu neman gero. Raƙumansu su ci kara a gonakinmu su bar taki, su kuma su yi watanni a nan kafin su juya. Dattawanmu da yawa a wurin waɗannan baƙi suka fara kurɓar shayi. Akwai abota ta gado, gida kaza da zuriya kaza, uba ya sauki uba, ɗa ya sauki ɗa. Ta irin wannan zumunci buta da guduma kan canja hannu, wani lokaci kyauta, wani lokaci jingina a kan damin gero.

Ta uku ita ce gudun hijira. Bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, lokacin da aka kewaye barikin Faransawa a Agadas, sojan Faransa sun yi ramuwa mai tsanani, Abzin ta kusa zama kango. Jama'a da yawa suka kwararo kudu, Damargu da Damagaram har Kano, tare da maƙeransu. Haka kuma a farin 1973 da na 1984, makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun sayar da abin hannunsu a kasuwanninmu don su ci abinci: takobi, sirdi, azurfar mata, kayan shayi. Wata gudumar da ke adaka a yau, kuɗin tiyar hatsi ce ta wani bawan Allah da yunwa ta koro. Wannan ma tarihi ne, ko da ba mai daɗin ji ba ne.

Me ya kashe mata kasuwa? Abu biyu, hanya ta sauya, sukarin ma ya sauya.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗaukowa, jirgi ya kawo su cikin kwanaki a farashin da ayari ba zai iya karawa da shi ba. Ƙasarmu da ta saba fuskantar arewa sai ta juya ta fuskanci kudu. Sannan gyaɗa ta zo. Magarya da Matamai suka zama cibiyar gyaɗar Nijar, kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA suna saye, suna kuma sayar da atamfa da kwanon sha da sukari a kantunansu. Bayan samun mulkin kai aka kafa Sonara a 1962 don cinikin gyaɗa, Copro-Niger kuma tana shigo da kayan masarufi. Manomi ya samu kuɗi a hannu bayan kaka, sukari ya shiga koko da fura a gidajen da a da sai labari.

Shi kuma sukarin, tun 1843 wani manajan masana'antar sukari a ƙasar Cek ta yanzu, Jakub Rad, ya samu takardar mallakar dabarar yin sukari ƙwaya-ƙwaya. A hankali Turai ta bar kantu, ta ajiye almakashin ƙarfen da su suke gutsura shi da shi. Mu ma da kwalin Saint Louis ya cika kantuna, daga baya buhun gari mai kilo 50 ya biyo, mai tebur yana ƙullawa a leda, sai guduma ta rasa abin duka. Lokacin da fadojin samari suka yaɗu a shekarun 1990, kowace unguwa da furno da buta, shayi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, amma da sukarin leda. Shayin ya zauna, gudumar ta shiga adaka, sunanta ya bi waɗanda suka san ta zuwa kabari.

Amma fa ba ko'ina ta mutu ba. A Maroko har yanzu kamfanin Cosumar, wanda masu matatar Saint Louis ta Marsai suka kafa a Kasablanka a 1929, yana yin kantu mai kilo 2, kuma da shi ake zuwa neman aure da gaisuwar mutuwa da barka, kamar yadda mu muke kai goro. Ƴan uwanmu da suka yi ci-rani a can ko a Muritaniya sun gan shi da idonsu.

Ga wanda ke da irinta a gida yana son sanin daga ina tasa ta fito, ga abin dubawa. In zubi ce guda, mai nauyi, tagulla zalla, da zanen furanni da ganyaye ko kan tsuntsu, ta fi kama da aikin biranen Maroko. In kuwa an jera ƙarfe kala-kala a ƙotar, ja da rawaya da baƙi kamar an yi musu ɗamara, zanen kuma layuka ne da kusurwoyi da ɗigo, wannan hannun maƙeran hamada ne. In baƙin ƙarfe ce ba ado, da ƙotar icce, mai yiwuwa maƙerin gari ne ya gani ya kwaikwaya. Sannan a dubi abin da aka same ta tare da shi. Tsohuwar buta, ƙaramin tire, akwatin kofuna, jakar fata mai tuntaye, duk shaidu ne. Babbar shaida kuwa ita ce bakin dattijon da ke raye a gidan. A tambaye shi: wa ya kawo ta, baƙon wane ne, a shekarar wace yunwa ko wane sarki?

Abin da ya sa na ga ya dace mu yi wannan magana yanzu shi ne masu sayen tsohon ƙarfe. Kullum suna zagaya ƙauyuka da kura da sikeli, kuma tagulla da jan ƙarfe su suka fi nema don sun fi tsada. Ba laifinsu ba ne, sana'a suke. Amma sikeli bai san zane ba, nauyi kawai ya sani. Gudumar da ta ƙetaro Tenere, ta shekara ɗari a gida, za a ba yaro kuɗin da bai kai na katin waya ba, a narka ta a wani gari. Haka tasoshin tagulla na jere suka tafi, haka mundaye, haka akusan icce suka ƙare a murhu. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Kuma asarar ta fi ta ƙarfe. Yaranmu suna koyon tarihi a lakwal, sunayen sarakuna da shekarun yaƙi, su haddace su manta, don ba su ga inda abin ya taɓa gidansu ba. Ga shi kuwa a cikin ɗakin kaka akwai abin da za a ɗora wa yaro a tafin hannu a ce masa: ganyen daga Sin, sukarin daga bakin Bahar Rum, ƙirar daga Abzin, geron da aka biya da shi daga gonar kakanka. Mutanen da ake cewa ƴan ƙauye ne na bakin iyaka, ashe tun kafin mota da waya suna cikin cinikin duniya.

Saboda haka ga roƙona. Wanda ya samu irin wannan guduma kada ya kankare ta da yashi ko toka don ta yi ƙyalli, zanen ne zai tafi. A goge da busasshen ƙyalle, a ajiye inda ba laima. A ɗauki hotonta, a rubuta sunan mai ita da abin da dattawa suka faɗa a ƴar takarda, a haɗa su wuri guda. In rabon gado ya zo, a bar ta hannun wanda zai riƙe, ko da za a fanshe ta da kuɗi. Malaman makaranta kuma, ku ce wa ɗalibai kowa ya tambayo sunan tsohon kayan girki guda ɗaya a gidansu da aikinsa. Za ku sha mamakin yawan waɗanda ba su san maburgi da madambaci da mara ba, balle gudumar sukari. Wanda kuma ya ga ba zai iya adanawa ba, akwai gidan tarihi a Damagaram, akwai na ƙasa mai sunan Bubu Hama a Yamai, sun fi buhun mai sikeli.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.